Kula da Injin Babur Lokacin Zafi

Malam manomi, tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978 noman rani ya zauna a ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun. Aikin da jaki ya saba yi, na kai taki gona da kwaso amfani, yanzu babur ne ke yin yawancinsa a Morai da kewaye. To, amma jaki in ya gaji yakan tsaya ya ƙi tafiya. Babur ba shi da wannan wayo, sai dai ka ji inji ya buga.

Ga dalili. Fetur ɗin da inji ke ƙonawa, abin da ke zama ƙarfin tafiya bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Saura duk zafi ne. Mota tana da lagireto da ruwa na kwashe wannan zafi. Babur irin namu ba shi da su. Abin da aka yi masa shi ne waɗannan tsage-tsagen ƙarfe masu kama da haƙarƙari da kake gani a jikin inji. Su ke ɗauko zafi daga ciki, iskar tafiya ta kwashe. Watau in babu tafiya, babu sanyi.

Nan ne matsalar take. An ƙera ƙaramin babur don mutum biyu da ɗan kaya. Kai kuwa ka ɗora buhun masara biyu, kowanne wajen kilo 100, ka hau, ka shiga rairayi da giya ɗaya a tsakar ranar Afrilu, zafi ya haura digiri 40. Inji yana iyakar ƙoƙarinsa, babur yana rarrafe, iska ba ta ratsa shi. Fistin na alminiyam ne, yana saurin kumbura in ya ji wuta. Baƙin mai ya tsinke kamar ruwa, fistin ya kama jikin silinda. Shi ke nan, kuɗin taki ya tafi wurin bakanike, tumatir kuwa yana jira a gona.

Saboda haka raba kayanka sawu biyu, ka yi jigila da sassafe ko da la'asar. In ka ji ƙarfi ya ragu, ko inji yana wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, tsaya a inuwa, kashe shi, ba shi kamar minti 15. Kada ka watsa masa ruwan sanyi yana da zafi, ƙarfen yana iya tsagewa. Kada kuma ka bar shi a kunne kana ciniki a kasuwar Talata.

Laka ta fadama in ta bushe a cikin tsage-tsagen nan, daidai take da ka lulluɓe inji da bargo. Bari ya huce, ka kankare ta da tsinke, ka wanke. Buhu ko galan kada ya tare gaban inji.

Baƙin mai fa shi ma yana kwashe zafi, ga shi bai wuce lita ɗaya ba a irin wannan inji. Duba shi kowace safiya kafin ka tayar. Lokacin ƙurar hunturu canja shi da wuri, ka wanke matatar iska.

Injin ban ruwa shi ma iska ke sanyaya shi, amma da yake a zaune yake aiki an sa masa fanka a cikin murfi. Waɗansu sukan cire murfin nan wai don ya sha iska. Kuskure ne, murfin ne ke kai iskar fanka kan silinda. Mayar da shi, ka ɗaure sosai.