Idan Aka Ce Ki Kalli Na'ura

'Yan uwa mata, kun san yadda noma, wanki da lalle ke cinye zanen yatsa, har na'urar banki ta ƙi gane mutum. Shi ya sa a wasu wurare ake ɗaukar hoton ƙwayar ido. Zanen cikinta naki ne ke kaɗai, ko na tagwaye bai zama ɗaya ba. A 2016 ne wasu 'yan gudun hijirar Siriya a Jodan suka fara sayen abinci da kallon na'ura kawai. Babu zafi, hoto ne.

Amma ina jan kunnenku: lambar sirri idan an sace, ana canza ta, ido kuwa, ina! Duk wanda ya zo ɗaukar idonki, ki tambaye shi wa ya aiko shi, ina za a ajiye hoton. In ya fara kame-kame, kira shugabar ƙungiya tukuna.