Girman Injin Babur da Hanyoyin Ƙara Masa Ƙarfi

Kafin Hakimi ya saya wa malaminsa babur na rangadi, lalle ne ya duba girman injin. Ana auna shi da si-si, watau yawan filin da fistin ke kai da komowa cikin silinda. Si-si 1,000 lita ɗaya ke nan.

Honda Super Cub, wanda aka fara ƙerawa a Japan cikin 1958, si-si 50 ne. Bai cika shan mai ba, amma ba ya iya rairayi da goyo. Honda CG125 na 1975 ya yi biyunsa da rabi, shi ya fi dacewa da hanyar ƙauye.

Makanikai sukan ce a rarake silinda, ko a cire salansa. Rarakewa takan ƙara ƙarfi kaɗan, amma da zafi da shan mai. Cire salansa kuwa hayaniya ce kawai. Wanda hanyarsa ke da rairayi ko hawa, sai ya sa babban faifan sarƙa na baya: ja ya ƙaru, gudu ya ragu.

Kada a yarda a cire matatar iska, gama ƙurar hunturu takan cinye fistin, babur ya mace a daji da takardun Hakimi. Sauri ya haifi nawa.