Raunin Tsufa Da Allurar Testosteron: Abin Da Ya Kamata Iyali Su Sani

Tun daga wajen shekara 40 naman jikin mutum yakan fara raguwa kaɗan-kaɗan, bayan shekara 60 kuwa raguwar takan ƙara sauri. Dattijon da a da yake ɗaukar buhun masara shi kaɗai, sai a ga ba ya iya tashi daga tabarma sai ya dafa bango. A 1989 wani likitan Amurka, Irwin Rosenberg, ya sa wa wannan hali suna sarkofeniya, watau ƙarancin tsoka. Haɗarinsa shi ne faɗuwa da karaya da doguwar kwanciya.

A Bagadaza da sauran unguwannin Gombe, kamar yadda yake a dukan biranenmu, ba a rasa masu tallar maganin ƙarfin maza. Waɗansu dattawa kuma sukan ji labarin wata allura mai suna testosteron, wai tana maido da ƙuruciya. An shirya wannan takarda ne domin jama'a su san amfaninta da iyakarta.

Mene ne testosteron?

Wani sinadari ne da marainan namiji ke yi, jini ya ɗauke shi ya zaga da shi jiki. Shi ke sa gemu ya tsiro, murya ta buɗe, tsoka da ƙashi su yi ƙarfi. Bayan shekara 30 zuwa 40 yakan ragu da misalin kashi 1 cikin 100 kowace shekara. Ƙiba da ciwon suga da shan ƙwayoyi irin su taramol sukan ƙara rage shi.

Neman ƙuruciya ta wannan hanya tsohon abu ne. A 1889 a birnin Faris, wani shahararren likita mai shekara 72, Brown-Séquard, ya yi wa kansa allurar ruwan marainan karnuka, ya ce ƙarfinsa ya komo. Daga baya aka gane abin da ke cikin ruwan bai kai ya yi wani aiki ba, sa rai ne kawai. Sai a 1935 masana suka tace ainihin sinadarin a birnin Amsterdam, aka kuma iya haɗa shi a ɗakin bincike a shekarar.

Me bincike ya nuna?

A 2010 aka bayyana sakamakon wani gwaji da aka yi a Manchester ta Ingila a kan raunanan dattawa 274. Waɗanda aka ba testosteron wata 6 tsokarsu ta ƙaru, ƙarfin ƙafarsu ya ɗan ɗara na waɗanda ba a ba su ba. Amma wata 6 bayan an daina, ribar duk ta gushe.

A ƙarshen 2009 aka dakatar da wani gwaji a Boston ta Amurka kafin lokacinsa. Dattawa 209 ne masu wahalar tafiya. Cikin waɗanda aka ba maganin, 23 suka sami larurar zuciya ko ta jijiyoyin jini, cikin waɗanda ba a ba su ba kuwa 5 kaɗai.

A 2016 aka fara bayyana sakamakon wani gwaji da aka yi wa dattawa 790 a Amurka har shekara guda. Sha'awar iyali ta ƙaru, ƙarancin jini ya yi sauƙi, amma tafiya ba ta gyaru ba sai ɗan abin da ba a rasa ba, mantuwa kuwa ba ta ragu ba.

A 2023 wani babban gwaji na maza fiye da 5,000 ya nuna maganin bai ƙara yawan bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba. Duk da haka an sami ƙarin rikicewar harbawar zuciya da toshewar jijiyar huhu da gudan jini, har ma karaya ta fi yawa ga masu amfani da shi.

To, ma'anar wannan duka ita ce testosteron yakan ƙara nama, amma ƙarin nama ba shi ne ikon tafiya kasuwa ko gona ba. Magani ne na wanda jikinsa ya gaza yin sinadarin saboda wata cuta. Ba maganin tsufa ba ne.

Wa ya kamata a ba?

Likita kaɗai ke yanke wannan shawara, bayan ya ji alamun cuta, ya auna jini da sassafe har sau biyu a ranaku daban-daban. Lalle ne kuma ya duba furostet, watau wani ɗan ƙullutu da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Ba a ba mai ciwon dajin furostet, ko wanda jininsa ya yi kauri, ko wanda ya sami bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki cikin wata 6 da suka wuce.

Magidanta su lura ƙwarai: testosteron na allura yakan hana maraina yin ƙwayoyin haihuwa. Wanda yake son ƙarin 'ya'ya, idan ya saya da kansa, garin neman ƙiba sai ya samo rama.

Me ya fi amfani?

Na farko, motsa tsoka. A wani gwaji da aka bayyana a 1990, an koya wa waɗansu tsofaffi 10 masu kimanin shekara 90 ɗaga nauyi da ƙafa a Boston. Cikin mako 8 ƙarfin ƙafar waɗanda suka kammala ya ninka fiye da sau biyu, ba tare da wata allura ba. A gida ma ana iyawa: dattijo ya zauna a kujera ya tashi sau 10, ya huta, ya maimaita, kwana 3 a mako, ya kuma riƙa tafiya masallaci ko majalisa da ƙafa.

Na biyu, abinci mai gina jiki. Tuwo da kunu kaɗai ba su isa ba. A haɗa masa da wake, ƙosai, alale, ƙuliƙuli, awara, nono, ƙwai ko kifi kowace rana. Wanda haƙoransa suka zube a dafa masa ya yi laushi. Mai ciwon ƙoda ya fara neman shawarar likita.

Na uku, a binciki dalilin rama. Tarin fuka da ciwon suga da ciwon daji duk sukan ɓuya a bayan kalmar "tsufa ne".

Abubuwan tunawa

1. Idan mahaifinku ya ɗauki fiye da daƙiƙa 15 kafin ya tashi daga kujera sau 5 ba tare da dafawa ba, ko ya faɗi, ko yana ramewa, ku kai shi asibitin unguwa. In da bukata za a tura shi Asibitin Ƙwararru na Jiha ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe.

2. Kada a sayi allurar testosteron a kemis ko a tasha ba tare da takardar likita ba. Lambar hukumar NAFDAC a kwali ba ta nuna maganin ya dace da kowa.

3. Wanda likita ya ɗora a kan maganin ya riƙa komawa awon jini a kan kari.

4. Wanda ya iya karatu ya karanta wa dattawan gidansu wannan takarda.