Hausar Filin Tara da Hausar Cikin Aji: Nazari Daga Wata Firamare a Nyanya

Gabatarwa

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce in ja hankalin 'yan'uwana ɗaliban Hausa ga wani irin aji da ba kasafai ake shirya mu dominsa ba. Idan aka ce koyar da Hausa, Kano ko Katsina ko Sakkwato ke faɗo mana a rai, inda yaro ke tasowa da harshen a bakinsa. Amma da yawa daga cikinmu aiki zai kai mu wuraren da Hausa take ɗaya daga cikin harsuna barkatai. A Nyanya na yi firamare, can kuma na koma na yi koyarwar sa-kai lokacin wani dogon hutu, saboda haka da ita zan yi misali.

Garin da makarantar

Nyanya tana kan hanyar Abuja zuwa Keffi, dab da iyakar Babban Birnin Tarayya da Jihar Nasarawa. Da an wuce ta sai Mararaba. Gbagyi da Gwandara su ne tsofaffin mazauna wannan yanki. Bayan dokar 1976 da ta ƙirƙiro Abuja, an gina wa ma'aikata matsuguni a nan, shi ne asalin unguwannin da ake kira Eriya A, Eriya B, Eriya C da sauransu. Da fadar gwamnati ta taso daga Legas a Disamban 1991, sai garin ya cika da ƙananan ma'aikata da 'yan kasuwa da direbobi, waɗanda kuɗin haya a cikin birni ya fi ƙarfinsu.

'Ya'yan waɗannan mutane su ne ke cika azuzuwan makarantun gwamnati. Iyaye da dama kan fita tun da asuba don gudun cunkoson motoci, don haka yayye ne ke shirya ƙanne su riƙo hannunsu zuwa makaranta. Ana fara shara, a yi layi, a yi addu'a, a rera taken ƙasa, a duba farce da kayan makaranta, duk da Turanci. A ajin da na riƙe akwai Bahaushe da Bafulatani da Bagware, akwai Ibo da Bayarabe da Tibi da Idoma da Igala, ga kuma yara daga kudancin Kaduna da Filato.

Wane ne harshen muhalli?

Manufar Ilimi ta Ƙasa, tun daga bugun 1977, ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen muhallin da yake zaune, daga baya a koma Turanci. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a faɗaɗa hakan zuwa shekara shida na firamare, sai kuma a Nuwamban 2025 Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya sanar da soke tsarin, aka tsayar da Turanci a matsayin harshen koyarwa. Masu goyon bayan harshen uwa kan kafa hujja da gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida, suka kuma yi ƙoƙari har a darasin Turanci. Hujja ce mai ƙarfi. Sai dai yaran Ife harshensu ɗaya ne. A Nyanya harshen uwar wa za a ɗauka?

Amsar da na gani tana filin tara. Da zarar an kaɗa ƙararrawa Turancin littafi ya tsaya a bakin ƙofar aji. Wasan ƙwallo da faɗa da tsegumi da Turancin buroka ake yin su. Ciniki kuwa, wurin mai awara da mai masa da mai rake, yawanci da Hausa ne, har yaron da iyayensa ba sa jin ko "zo" za ka ji yana cewa a ƙara masa yaji. Su kansu malamai, idan sun yi bayanin raba lamba sau biyu suka ga idanu sun yi zuru, sai su sauka zuwa buroka, wani lokaci Hausa, a nan ne kawuna ke fara gyaɗawa. Abin mamaki, a wasu azuzuwan monita na nan da takardarsa yana rubuta sunan duk yaron da ya yi yaren gida.

Aji ɗaya, ɗalibi iri biyu

Malamin Hausa a irin wannan wuri yana fuskantar rukuni biyu, kuma ciwonsu ba ɗaya ba ne.

Rukunin farko su ne waɗanda suka tsinci Hausa a waje. Babban abin da ke ba su wuya shi ne jinsi. Za ka ji "mama ya zo", "akuya ya gudu", "rigan malam". Wannan bai kamata ya zama abin dariya gare mu ba, domin mun karanta irinsa a darasin karin harshe: Barikanci ya yi watsi da jinsi, Hausar Gana ma haka, kuma ko a Zazzaganci ana jin madanganci -n a inda Bakano zai sa -r. Harsunan yawancin yaran nan, kamar Gbagyi da Ibo da Yarabanci da Tibi, ba su bambanta "ya" da "ta", don haka yaron ba kuskuren ganganci yake yi ba, tsarin harshensa ne ya ɗora wa namu. Hanyar da ta yi mini aiki ita ce in fara da mutanen da ke cikin ajin. In tayar da yarinya, aji ya ce ta tashi. In tayar da yaro, a ce ya tashi. Sai bayan wannan ya zauna nake shiga abubuwa marasa rai, in nuna musu cewa yawancin sunayen da suka ƙare da wasalin a mata ne, kamar riga da hula da kujera, in kuma gargaɗe su da irin su gida da ruwa da suna.

Na biyu shi ne baƙaƙe masu ƙugiya. A bakinsu ƙafa da kafa ɗaya ne, haka ƙare da kare, bari da ɓari, daidai da ɗaiɗai. Bayanin maƙwallato da hamza ba shi da amfani ga ɗan aji uku. Abin da ke shiga shi ne jimlar da ma'anarta za ta rikice, kamar a rubuta "abinci ya ƙare" a cire ƙugiyar, a tambaye su me ya kawo kare cikin tukunya.

Rukuni na biyu su ne Hausawan kansu, kuma a ganina sun fi wuyar sha'ani, saboda sun ɗauka ba abin da za a koya musu. Bakinsu lafiya lau, amma da alli ya shiga hannunsu sai ka ga "yazo" a haɗe, "gidan mu" a rabe, alhali ƙa'ida ta ce a raba na farko a haɗa na biyu. Sukan rubuta "bata zo ba" suna nufin ba ta zo ba. Wasu kuma da harufan Turanci suke aunawa, su rubuta "chi" maimakon ci. Galibinsu suna zuwa Islamiyya da yamma, inda suke koyon bambanta dogon wasali da gajere a karatun Larabci, kuma na tarar wannan na taimaka musu su gane dalilin da ya sa gado na kwanciya da gado na dukiyar mamaci suke rubutu ɗaya amma furuci daban.

Da na lura da haka sai na daina barin kowa ya zauna da ɗan garinsu. Na haɗa su bibbiyu, Bahaushe da wanda ba Bahaushe ba, ɗaya ya faɗi jimla ɗaya ya rubuta, sannan su musanya. Sau da yawa yarinyar da ke cewa "mama ya zo" ita ce ke rubuta "ya zo" a rabe daidai, domin a allo ta fara ganin kalmar, sai ta gyara wa maƙwabciyarta rubutu, ita kuma ta gyara mata baki.