Yadda ake fitar wa sabuwar unguwa hanya zuwa gudron a Tawa

Garin Tawa gudron yake bi wajen faɗaɗa. Ka fita ta hanyar Abalak ko ta Ƙwanni, za ka ga gonakin hatsi sun koma filayen gini, duwatsun iyaka jere cikin rairayi. Inda unguwar za ta haɗu da babbar hanya kuwa sai a bar shi zuwa ƙarshe, bayan an sayar da filayen gaba, alhali shi ya kamata a tsayar kafin a yanka fili ko guda.

Fara da takarda. Idan gona ce ta gado, a samu shaidar hukumar filaye ta ƙauye ko ta kwamin, wadda dokar karkara ta 1993 ta tanada. Daga nan ka je ma'aikatar magajin gari da ofishin tsara birane da zanen rabon filin. Sannan ka tafi ofishin jiha mai kula da hanyoyi da tambaya biyu: mita nawa ne na gwamnati daga tsakiyar gudron, kuma a ina za su yarda a buɗe bakin hanyar unguwar? Amsar ta zo a rubuce. Maganar fatar baki ba ta hana rusa katanga.

Na biyu shi ne ruwa, kuma nan aikin yake. Kada ka zaɓi wuri da rani. Ruwan Adar, yankin da Tawa take, ba shi da yawa a shekara, amma a watan Yuli da Agusta yakan sauko lokaci guda daga kan duwatsu, ƙorama ta cika cikin sa'a ɗaya ta kwashe abin da ta tarar. Zaizayar nan ce ta sa aka buɗe aikin gyaran ƙasa na Keita a 1984. Ka je filin washegarin ruwa mai ƙarfi, ka bi sawun da ya bari: karan da ya maƙale a gindin aduwa, sabon rairayi mai laushi da ya kwanta, wurin da ƙasa ta zabtare. Ka tambayi dattijon da ya noma gonar, «Baba, ina ruwa ke bi idan ya yi yawa?» Zai nuna maka da sanda abin da zanen mai awo bai ɗauka ba. Hanyarka za ta ƙetare magudanar gefen gudron, saboda haka sai an sa mata kwalbati mai faɗin da mutum zai iya shiga ya yashe. Ƙaramin bututu damina ɗaya ke toshe shi da rairayi da leda, ruwa ya hau kwalta ya ci gefenta. Inda ƙorama ke da faɗi ba zurfi, shimfiɗar kankare da ruwa zai bi ta kanta ta fi arha, ta fi ƙarko.

Sai gani. Hanyar Tawa zuwa Arlit, mai tsawon sama da kilomita 600, an yi ta ne a ƙarshen shekarun 1970 don manyan motocin yuraniyom, kuma har yau manyan motoci ne masu ita. Motar da ke gudun kilomita 90 a sa'a tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. Ka tsaya a inda kake son bakin, ka ƙirga daga lokacin da mota ta ɓullo har ta iso gabanka, ta dama da ta hagu. Idan bai kai daƙiƙa 10 ba, matsa. Kauce wa kwana da bayan tudu. Ka maimaita gwajin da hazo, ka kuma yi shi ranar Lahadi, ranar kasuwar Tawa, lokacin da amalanken jaki da garken tumaki suka cika gefen hanya.

Baki ɗaya ya ishi ƙaramar unguwa, biyu idan babba ce, nesa da juna. Kada kowane gida ya buɗe ƙofarsa kan gudron. A ja wata hanya ta ciki a layi ɗaya da babbar, gidaje da shaguna su fuskance ta. Masu filayen gaba za su yi gunaguni, don kowa na son shago a bakin kwalta, amma da zarar an bar mutum ɗaya, mai shayi da mai faci da mai sayar da mai a kwalba sun biyo baya, wurin ya zama tasha ba da shiri ba.

Bakin ya shiga gudron a miƙe, ba a karkace ba, kuma ya zama shimfiɗaɗɗe na tsawon babbar mota guda, yadda mai ɗauke da siminti zai tsaya ya duba ba tare da ya koma da baya ba. A buɗe kusurwoyinsa sosai. Babbar hanyar shiga, a ganina, kada ta gaza mita 20, don turakun lantarki na NIGELEC da bututun ruwa ta nan za su bi. A zuba marmara a danne, sannan a yi wa mitocin farko kankare ko dutse, in ba haka ba tayoyi za su riƙa guntule gefen kwalta.

Idan burtali ya ratsa filin, a bar shi da faɗinsa a cikin zane. Shanun da ke hawa Azawak da damina su sauko bayan kaka ba za su sake hanya don an kafa dutse ba.

Ranar kafa duwatsun iyaka, a fara da na hanya, a gaban wakilin ma'aikatar magajin gari da mai unguwa, kuma kowane mai saye ya karɓi kwafin zanen tare da takardar filinsa.