Yadda Ibrahim El-Salahi ke gina zanensa

Duk wanda ya yi makarantar allo ya riga ya san rabin sirrin aikin Ibrahim El-Salahi. An haife shi a Omdurman ta ƙasar Sudan a 1930, mahaifinsa malamin allo ne, don haka tun yana yaro idonsa ya saba da baƙar tawada da zayyanar da ake yi wa allon ɗalibi. Ya yi karatun zane a kwalejin Gordon da ke Khartoum, sannan a makarantar Slade ta Landan daga 1954 zuwa 1957. Da ya dawo ya baje kolin aikinsa, sai ya ga mutanen gari ba su ga kansu a ciki ba. Wannan ya sa ya koma yana nazarin allo da tabarmi da faifai da zanen ƙwarya. Daga nan shi da irin su Ahmed Shibrain da Kamala Ibrahim Ishaq suka kafa salon da ake kira Makarantar Khartoum. Ga yadda aikin ke tafiya a hannunsa.

Mataki na farko: salla. Kafin ya taɓa alƙalami yakan yi salla, domin zuciya ta natsu. Ba ya zuwa da hoton da ya gama tsarawa a ka.

Na biyu: kayan aiki kaɗan. A zane-zanensa da yawa, alƙalami da baƙar tawada da farar takarda sun wadatar. A shekarun 1960, lokacin da yake amfani da fenti, launukan ƙasar Sudan yake zaɓa: jar ƙasa, ruwan ƙasa, fari da baƙi. Ɗaya daga manyan ayyukansa na wancan zamani a kan damuriya ya yi shi, wato farin saƙin auduga na 'yan Sudan.

Na uku: karya harafi. Yakan ɗauki baƙin Larabci ya raba shi da ma'anarsa, ya ja wutsiyarsa, ya buɗe cikinsa, ya dubi filin da ke tsakanin wannan harafi da wancan. A cikin wannan fili ne doguwar fuska mai zurfin ido ke fitowa, ko tsuntsu, ko jinjirin wata. Mai kallo da ya iya karatu sai ya ji kamar zai karanta, amma babu kalmar da za ta karantu.

Na huɗu, wanda shi ne ƙashin bayan aikin: farawa daga ƙwaya guda. A kurkuku ya koyi wannan. A watan Satumba na 1975, yana babban jami'i a ma'aikatar al'adu, gwamnatin Ja'afar Numeiri ta zarge shi da hannu a yunƙurin juyin mulki, ta tsare shi a gidan yarin Kobar fiye da wata shida ba tare da shari'a ba. An hana fursunoni takarda da abin rubutu. Sai ya riƙa yayyaga takardar buhun siminti ƙanana-ƙanana, ya yi zane da guntun fensir, in ya ji motsin gandiroba ya binne a yashi. Kowane guntu ba ya ɗaukar abu mai yawa, amma in an jera su sai su zama hoto guda.

Na biyar: ƙarin takarda. Bayan fitowarsa bai bar wannan dabara ba. Yakan fara da siffa ƙarama a tsakiyar takarda. Idan layi ya kai baki yana neman wucewa, ba ya tanƙwara shi, sai ya kawo wata takardar ya ajiye a gefe, layin ya ci gaba. Haka zanen ke yaɗo kamar kabewa, har ya tsaya don kansa. Ta wannan hanya ya yi The Inevitable a 1984 zuwa 1985, falle tara na baƙar tawada, inda jama'a ke miƙe hannu suna tunkarar zalunci.

Na shida: rage kaya. Da shekaru suka ja, sai ya riƙa zubar da duk abin da bai zama dole ba. Jerin zanensa na bishiya a kan gawo ya gina shi, itacen da ke kaɗe ganye da damina ya tsiro da shi da rani, wanda ke tsaye a gaɓar Nilu kamar yadda yake a gonakin Katsina da Maraɗi. Wani gawon nasa layuka ne kawai a miƙe. Da ciwon baya ya zaunar da shi, bai ajiye alƙalami ba, ya koma zane a bayan kwalayen maganin da yake sha.

Aikinsa ya kai ƙungiyar masu fasaha ta Mbari a Ibadan tun farkon shekarun 1960, wannan hanya kuma ta kai shi gidan baje kolin zane na Tate Modern a 2013, inda ya zama ɗan Afirka na farko da gidan ya baje wa aikin rayuwarsa gaba ɗaya. Ɗalibin zane a Zariya ko Kano da ke kukan tsadar fenti yana iya farawa yau: tawada da alƙalami da gutsuren takarda suna nan a kowane zaure, kuma masu zayyanar allo ba su ƙare ba.