Ko Ƙwaƙwalwa Tana Karɓar Dashen Ƙwayoyin Asali?

Wani mai sauraronmu daga Tsafe, wanda mahaifinsa ke fama da shanyewar ɓarin jiki, yana tambaya: in an dasa ƙwayoyin halitta na asali a ƙwaƙwalwa, tana karɓarsu kuwa?

To Malam, Allah ya ba Baba lafiya. Ƙwaƙwalwa tana da 'yan sintirinta, wato maikurogiliya, waɗanda masanin Sifaniya Pío del Río Hortega ya bayyana a 1919. Da baƙin ƙwayoyi sun shigo sai su yi musu caa, su tayar da kumburi, su cinye matattu. Galibin dashen tun a kwanakin farko yake mutuwa. Su kuwa astarosait, masu ciyar da jijiyoyi, sukan kewaye wurin da tabo. Tabon yana killace raunin, amma yana hana sababbin jijiyoyi miƙa rassa. Abin mamaki, wani lokaci sinadaran da dashen ke fitarwa ne ke kwantar da 'yan sintirin har su koma gyara.

A wani gwajin irin wannan dashe da aka fara a Kyoto a 2018 kan cutar Fakinsan, sai da aka haɗa da maganin danne garkuwar jiki. Kan shanyewar jiki kuwa, har yanzu gwaji ake yi. Ku riƙa kai Baba gashi Asibitin Tarayya na Gusau, ku kuma kula da hawan jininsa.